Na Barunde

Helmand, Afganistan
14 ga Oktoba, 2012

Ƙanwata Batul,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa tare da fatan kina lafiya, ke da maigidanki Sadisu, da 'yan ajinki da ba sa barin ki ki huta. Yaya ƙafar Dada? Ni lafiyata ƙalau, alhamdu lillahi.

Na san kin dubi saman takardar nan kin sake dubawa. Ba kuskure na yi ba. Ki nemi wuri ki zauna, don abin da zan faɗa miki na kasa faɗarsa a waya shekara uku.

Babu wani kamfani da nake yi wa gadi a Ingila. Karatun da mahaifinmu Baffa ya sayar da shanunsa ya tura ni ya tsaya tun shekara ta biyu. Na faɗi jarrabawa sau biyu, suka sallame ni. Lokacin Baffa yana kwance, kunya ta hana ni dawowa hannu sake, har ya rasu ban zo ba. Sai na ji sojan Ingila suna ɗaukar 'yan ƙasashen da suka taɓa mulka. Na je, suka ɗauke ni. Ni sojan ƙasa ne, Batul, irin masu tafiya da ƙafa da kaya a baya kamar jakin Barunde. Yau kwana goma sha biyu da kawo mu nan, kuma wata shida za mu yi.

Kafin mu taso sun ba kowa takarda ya rubuta sunan wanda za a fara sanarwa in ta Allah ta kasance. Abokan aikina minti ɗaya suka gama. Ni na daɗe riƙe da biro, don ban taɓa rubuta sunan mahaifiyarmu Dada da hannuna ba. Na rubuta Hadijatu, sai na ji kamar na yi mata rashin kunya. A nan na gane cewa in na mutu, wani Bature ne zai fara gaya mata aikin da nake yi. Shi ya sa na ce gara ta ji daga gida.

Ga abin da nake roƙo. Ki gaya mata komai, kada ki rage. Sannan ki tambayar mini ita ko ta yafe mini ƙaryar da na yi da aikin da na shiga ba da saninta ba.

Na san abin da za ki ce. Ni ɗan fari ne, Dada tana yi mini alkunya. Tun da aka yaye ni aka kai ni Barunde wurin kakarmu, ba ta taɓa kiran sunana ba, sai dai "na Barunde". In na kira waya, ke take miƙa wa ta tashi. Ban taɓa jin haushin haka ba, al'adarmu ce. Amma inda nake yanzu mutum yakan fita da safe bai dawo ba. Ba na so in gamu da Ubangijina ban san matsayina a wurinta ba. Kalma ɗaya ta ishe ni.

Na aiko ta akwatin gidan waya na makarantarku. Ki gaida Sadisu, ki ce har yanzu ban manta ya ci ni a dara ba.

Yayanki,
Mu'azzam

*

Manawashi, Gombe
16 ga Nuwamba, 2012

Hamma Mu'azzam,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya. Ƙafar Dada da sauƙi, sai in ta daɗe a tsaye. Sadisu yana Kano sayen kaya, shi ya sa har yanzu ina gida wurin Dada, don gidanmu na Tumfure ya yi mini nisa da mutane in ba ya nan.

Hamma, ka iya! Shekara uku kana ba ni labarin kamfani, har da sunan maigidanka da irin motarsa. A ofishin malamai na buɗe takardarka. Na fita na zagaya bayan aji na yi kukana, na dawo na koyar da lissafi, kuma na tabbata abin da na koyar ranar ba daidai ba ne. Haushinka nake ji har yanzu, amma tsoro ya fi haushin yawa.

Kafin komai, ka saurare ni da kyau. Gombe da ka bari ba ita ce ta yanzu ba. Ko'ina shingen bincike, in ka hau keke mai ƙafa uku daga nan zuwa Tumfure sai an sauke ka sau uku. Watan jiya wasu a kan babur sun harbe wani tsoho a bayan layinmu yana alwala a ƙofar gidansa, laifinsa kawai ɗansa ɗan sanda ne. To ina ga gidan da aka ji ɗansu sojan Turawa ne, kuma a ƙasar Musulmi yake yaƙi? Kada ka aiko hoto. Kada ka ambaci aikinka a waya, kowa yanzu tsoron waya yake yi. Ko Sadisu ban gaya masa ba tukuna.

Na gaya wa Dada ranar Juma'a da hantsi, tana kaɗa nono a tsakar gida. Ban rage komai ba, kamar yadda ka ce. Hannunta ya tsaya, ya ci gaba. Da na zo kan tambayarka, sai ta ce, "Gishiri ya ƙare, in kin fita ki sayo." Na ce, "Dada, kin ji abin da na ce?" Ta ɗauki ƙwaryarta ta miƙe. A bakin ƙofar ɗaki ta juyo ta ce, "Kada a ƙara ta da maganar nan a gidan nan."

Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Ka ba ta lokaci, ka san halinta.

Kana samun abincin halal? Ina ka yi Babbar Salla? Mun yanka ƙaramin rago, Dada ta soya kasonka kamar kullum ta ba Goggo Delu.

Ƙanwarka,
Batul

*

Helmand
10 ga Disamba, 2012

Batul,

Salama da gaisuwa. Na ji daɗin jin ƙafar Dada da sauƙi. Ni ma lafiya, sai sanyi. Sanyin nan ba irin namu ba ne, ruwan buta ƙanƙara yake zama. Abinci suna ba ni nawa daban a leda, an rubuta halal, amma komai ɗanɗanonsa ɗaya.

Salla ni kaɗai na yi ta, a bayan buhunan yashi, don ni kaɗai ne Musulmi a ƙaramin sansaninmu. Na yi kabbara ni ɗaya, na yi wa kaina barka da salla. Da yamma mun fita sintiri muka wuce wani tsoho da tumakinsa, sandarsa a kafaɗa yadda Baffa yake riƙe tasa. Na yi masa sallama. Ya dube ni, ya dubi kakina, ya kau da kai. Muka ci gaba da tafiya.

Maganar Dada na karanta ta fiye da sau ashirin. "Kada a ƙara ta da maganar nan a gidan nan." Wace magana, Batul? Ta aikin, ko tawa gaba ɗaya? Ina juya ta ta kowace fuska, ba na samun inda ta yi mini daɗi.

Bari in ba ki labarin abokina Rayan. Shekararsa ashirin da ɗaya, dogo, ga surutu. Shi ne na gaba in mun fita. Ƙasar nan cike take da nakiyoyi da aka binne, shi yake riƙe na'urar da ke gano su, yana shara da ita hagu da dama. Ni ne na bayansa. Inda ya ɗaga ƙafa, nan nake sa tawa, ba na ƙara ko taƙi ɗaya. Na san ƙeyar yaron nan fiye da fuskata.

Ranar da jirgi mai saukar ungulu ya kawo buhun wasiƙu, Rayan yakan samu biyar ko shida, duk daga mahaifiyarsa. Labarin kyanwarta take ba shi, da na maƙwabciyar da suka yi faɗa a kan shinge. Tana kiran sa da sunaye na shagwaɓa, yana karanta mana muna yi masa tsiya. Rannan ya tambaye ni me ya sa tawa ba ta rubuto mini. Na ce ba ta yi boko ba. Ya ce to waya fa? Na yi masa bayanin ɗan fari. Ya buɗe baki ya ce, "Me ka yi mata?" Na ce ba abin da na yi, ni aka fara haifa. Muka yi dariya. Amma da na koma gadi tambayarsa ta ƙi barina, don yanzu akwai abin da na yi.

Ya nace sai na saka wata 'yar takarda tasa a ciki. Da Turanci ce, ki fassara wa Dada in kin ga fuska. Gaisuwa ce, ya kuma rubuta cikakken sunansa da lambarsa, wai in na yi rashin ji ta kawo masa ƙarata. Shiririta ce irin tasa.

Ki sake tambayar ta, don Allah. Ba na barci sosai.

Mu'azzam

*

Manawashi
11 ga Janairu, 2013

Hamma,

Amincin Allah ya tabbata a gare ka. Duk muna lafiya. Sadisu ya dawo, na gaya masa, ya yi rantsuwa bakinsa a rufe. Ya ce ka dawo ya sake cin ka a dara.

Labarin sallarka ya tsaya mini a rai. Kwana biyu ina ganin ka a bayan buhunan nan.

Na fassara wa Dada takardar abokinka. Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye ni, "Wannan shi ne na gaban?" Na ce shi ne, na yi mata bayanin na'urar da yadda kake taka sawunsa. Ta ce to. Na ajiye takardar a kan akwati, daga baya na neme ta na rasa, ina jin an share ta da shara. Ka ba shi haƙuri, ka ce mun gode.

Yanzu ga albishir. Na sake tambayar ta, kuma ta amsa. Ta ce, "Ki gaya wa Mu'azzam ɗana na yafe masa duniya da lahira. Ina kewarsa, ina yi masa addu'a kullum, ya kwantar da hankalinsa."

To ka ji. Yanzu sai ka yi barci, ka ci abincinka na leda, ka kula da inda kake sa ƙafa. Saura wata uku kawai.

Taka,
Batul

*

Helmand
8 ga Fabrairu, 2013

Batul,

Na samu takardarki. Lafiyata ƙalau.

Shekarata ashirin da tara. Ranar da na karye a hannu ina aji uku, Dada ta zo Barunde ta tsaya a bakin zaure ta tambayi kakarmu ko kajin sun yi ƙwai. Ranar da zan hau jirgi, ta ce da Baffa a gaya wa na Barunde ya riƙe salla, ina tsaye a gabanta. Matar nan ce kike so in yarda ta buɗe baki ta ce "Mu'azzam ɗana"? Har da kewa?

Ke ce kika rubuta, Batul. Da kin ce ta gyaɗa kai, da na yarda. Da kin ce ta ce "a gaya wa wancan babu komai", da na yi sujada. Amma kin yi zaƙi da yawa.

Ban yi fushi da ke ba, na san tausayina kika ji. Sai dai kin gaya mini abin da kike ɓoyewa. Da akwai wata kalma ta alheri da ta fito daga bakinta, komai ƙanƙantarta, da ita za ki aiko. Tun da sai da kika ƙirƙira, to na ji amsar.

Kada ki ƙara tambayar ta. Ni na jawo wa kaina.

Mu'azzam

*

Manawashi
7 ga Maris, 2013

Hamma,

Ina gaishe ka, in za ka amsa. Muna lafiya.

Ƙarya na yi. Ka kama ni, kuma kunyar da na ji ko ta ranar da aka kama ni da satar amsa a firamare ba ta kai ta ba. Na zauna na rubuta abin da ni zan faɗa wa ɗana, na manta Dada ba ni ba ce. Ka yafe mini.

Amma kai ma ka yi karatun da ba daidai ba. Ba ta ce ba ta yafe ba. Sau uku na tambaye ta, sau uku ta tashi ta bar mini wurin. Ban san abin da ke ranta ba, iyakar gaskiyata ke nan. Ita kuwa maganar kada a ƙara ta da zancen, ka manta katangar da ke tsakaninmu da maƙwabta ba ta kai kafaɗa ba? Ina ganin tsoro ne ya sa ta faɗa. Ya kamata in rubuta maka haka tun farko.

Ga abin da idona ya gani, ba ƙari. Dada da ba ta damu da rediyo ba, yanzu ita ke kunna ta da safe da yamma. In an ambaci ƙasar da kake, duk abin da ke hannunta sai ta ajiye. Ta kama azumin Litinin da Alhamis, ban san na mene ne ba, ban tambaya ba.

Ka daina kiran waya tun watan jiya. In ni ka yi wa yaji, na cancanta. Amma ka rubuto.

Batul

*

Manawashi
23 ga Mayu, 2013

Hamma Mu'azzam,

Gaisuwa. Muna nan da rai.

Wata uku da rabi ke nan ba takarda ba waya. A lissafina tun Afrilu ya kamata ku koma Ingila. Lambarka ta can na kira har na gaji, a kashe take. Na aika wannan ta adireshin da na sani, ko za su bi ka da ita.

An sa dokar ta-ɓaci a jihohin da ke maƙwabtaka da mu, mutane sai kwararowa suke yi Gombe. Tumfure ta cika, har gidajen da ba a rufa ba an shiga. A ajina akwai yara bakwai da ba su san inda ubanninsu suke ba. In na dube su sai in ga ba ni da bakin kuka, amma ina yi.

Kullum in na ji mota ta tsaya a ƙofar gida sai gabana ya faɗi, in ce ga masu sanarwar da ka faɗa. Dada ba ta tambaya. Sai dai duk ranar da na dawo daga makaranta, hannuna take fara dubawa.

Ko farar takarda ce ka sa a ambulan ka aiko, in dai da rubutunka a bayanta.

Batul

*

Ingila
19 ga Yuli, 2013

Ƙanwata,

Assalamu alaikum. Barkanku da shan ruwa. Ina da rai, ba abin da ya taɓa jikina. Takardunki biyu duk sun same ni, na karanta, na kasa amsawa. Ki yi haƙuri da wahalar da na ba ki.

Rayan ya rasu ranar ashirin da biyu ga Fabrairu. Da hantsi ne, a bakin wata gona, muna tsallake magudanar ruwa. Ya taka nakiyar da na'urar ba ta ji ba. Taku goma ne tsakaninmu. Ni na riƙe kansa har jirgi ya zo, bai kai asibiti ba. Ba zan iya rubuta fiye da haka ba.

Bayan nan ban ga amfanin magana da kowa ba. Na ɗauka uwata ta sallama ni, wanda yake hira da ni kuma ya tafi. Muka dawo Ingila, kowa iyalinsa suka tarbe shi da kuka da runguma, ni na ɗauki jakata na wuce bariki. Suka ba mu hutu, na yi shi a ɗaki.

Makon jiya na yi ƙarfin hali na hau jirgin ƙasa na je wurin mahaifiyarsa, Madam Karol, don ta aiko sau biyu tana nemana. Ita kaɗai ce a gidan sai kyanwar nan. Ta zaunar da ni a kicin, ta dafa shayi, na ce ina azumi, ta zubar da nata ma. Can ta tashi ta ɗauko wata ambulan. Ta ce takardar ta isa sansani bayan rasuwarsa, aka haɗo ta cikin kayansa. Ta buɗe ta kasa karantawa, ta nuna wa mutane ba wanda ya san yaren. Da na ga kan sarkin Nijeriya da hatimin gidan waya na Gombe, sai na gane daga gida ta fito. Ga abin da ke ciki, na kwafe shi harafi da harafi.

"Zuwa ga yaron nan Rayan. Ni ce Hadijatu ta Manawashi. Ina gaishe ka, ina gaida mahaifiyarka. An karanta mini takardarka. Ka ce in kawo maka ƙara in wani ya yi rashin ji. Ba ni da ƙara. An ce kai ne a gaba, na bayanka inda ka taka nan yake takawa. To ka riƙa duba ƙasa da kyau, kada ka yi sauri. Na bayan naka tun yana ƙarami ba ya jure sanyi, kuma in abu ya dame shi abinci yake bari, ba ya faɗa. Ka sa masa ido. In kun zauna hutawa ka gaya masa, abin da ya aiko a tambaya an yafe tun ranar da aka ji. Babu komai, duniya da lahira. Ban faɗa wa yarinyar ba ne don bakina ba ya iyawa. Allah Ya mayar da kai gaban mahaifiyarka lafiya. Dalhatu tsohon ma'aikacin gidan waya, Barunde, ya rubuta daga bakinta, 24 ga Janairu."

Wannan Dada ce, Batul. Ba sai an rantse mini ba.

Madam Karol ta ce in fassara mata. Na bi layi-layi. Da na zo addu'ar ƙarshe na tsaya. Ta ce, "Yatsanka bai kai ƙasa ba, akwai saura." Sai na faɗa mata. Ta tashi ta tsaya a taga ta ba ni baya. Da ta juyo abu ɗaya ta tambaye ni, wai ya duba ƙasar da kyau? Na ce wata huɗu da rabi ina bayansa, ko sau ɗaya bai yi sauri ba.

Na so ta bar mini takardar, amma ban roƙa ba. Sunan ɗanta ne a kai. Ta ba ni biro da takarda na kwafa, ta mayar da ita cikin kayansa.

Ranar da na rubuto miki cewa na ji amsar, amsar tana kan hanya. Wata shida ina yawo da baƙin ciki a kan abin da aka riga aka yafe. A jirgin dawowa na yi kukan da ban yi ba tun ranar da Rayan ya faɗi, wata tsohuwa ta miƙo mini hankici.

Ban san ko ya kamata Dada ta ji abin da ya same shi ba. Na bar miki. Amma ki san yadda za ki yi ta gane saƙo ya iso.

Yayanki,
Mu'azzam

*

Manawashi
14 ga Agusta, 2013

Hamma,

Wa alaikumus salam. Barka da salla. Muna lafiya, kuma tun da takardarka ta zo na fara cin abinci kamar mutum. Allah Ya ba Madam Karol haƙuri, kai ma Ya sanyaya maka.

Ashe ba shara ce ta kwashe takardar abokinka ba. Na je Barunde na sami Malam Dalhatu. Ya ce ita kaɗai ta zo a keke mai ƙafa uku, ranar da ina makaranta, da ƙafar nan tata, sojoji suka sauke ta a shinge ta taka har gaba. Ta sa shi ya yi alkawarin ba zai faɗa ba. Ya ce sau huɗu ta sa ya karanta mata, ta tabbatar bai saka sunanka ba.

Na yi shawara da kaina, na ga na gama yi wa mutanen gidan nan ƙarya. Na same ta tana tsince shinkafa na ce, "Dada, takardar da aka aika wa yaron nan an karanta ta. Wanda aka yi dominsa ya ji." Ba ta ɗago ba. Sai na gaya mata sauran.

Ta yi salati. Ta ture tiren gefe. Ta ce, "Shi kaɗai gare ta?" Na ce shi kaɗai, shi ne na fari, shi ne auta. Sannan ta ce, "Tana kiran sunansa?" Na ce su suna kira, Dada, har da na shagwaɓa. Ta daɗe tana kallon ƙasa. Ta ce, "To, ta samu ta kira." Ban taɓa ganin hawayen Dada ba sai ranar, kuma ba ta share ba.

Washegari ta yafa mayafi ta ce za ta Barunde, akwai ta'aziyya a kanta. Na ce ga ni ga biro, me zai kai ta hanya? Ta ce ni bakina ya cika ƙari. Na raka ta, amma a zaure aka bar ni.

Ga takardar nan a cikin wannan ambulan, a manne, da sunan Madam Karol a bayanta. Dada ta ce a ba mai karantawa ya kai, kada ya buɗe sai a gaban mai ita. Ban san abin da ke ciki ba, wallahi, wannan karon ko harafi ɗaya ba nawa ba ne. Na dai zauna a zauren nan tun hantsi har aka kira azahar, kuma Malam Dalhatu ya fito sau biyu neman ƙarin takarda, har ya cika shafi huɗu.

Ka hau jirginka ka je, Hamma. Ta'aziyya ba ta cin shafi huɗu.

Ƙanwarka,
Batul